Ku Tambayi Bakanike: Injin jirgin sama, wa ke ƙerawa, wa ke saye, wa ke riƙe da igiya?

Assalamu alaikum jama'a. Tun da na yi suɓul da baka a wancan watan na ce injin babban jirgi ƙwaya ɗaya tak kuɗinsa dala miliyan gommai ne, saƙonni suka yi ta shigowa kamar na buɗe shago, shi ya sa wannan karon na tsame guda huɗu duk a kan inji. Masu tambayar igama (katin zama a Saudiyya) da canjin kafili ku yi haƙuri don Allah, ni bakanike ne ba mu'aƙƙib mai bin takardu a ofisoshin gwamnati ba.

TAMBAYA: Malam Bakanike barka da aiki. Ni harkar kargo nake a nan Bab Sharif shekara goma sha ɗaya kenan ina tura kayan 'yan Kano-Jidda, har safayar mota na sha turawa daga tashlihin Biriman zuwa Ƙofar Ruwa, toh shine nake cewa wai shi injin jirgin nan da kace yana da tsada haka wa yake saida shi ne, akwai dilolinsa kamar na mota? kuma me ya hana ƙasa irin Saudiyya da Allah ya hore mata ta ƙera nata ta huta da siyowa, in kuma akwai ƙofar da ɗan kasuwa irina zai shiga ka nuna min don Allah. Daga mai kargo, Bab Sharif, Jidda.

AMSA: Alhaji Allah ya ƙara kasuwa. Ka fara cire tashlihi, wato inda ake kwance tsofaffin motoci a sayar da kayansu, daga ranka tukuna, ko kasuwar Sawarik da sunanta ma rokoki ne ba za ka tarar da wannan haja a shimfiɗe ba.

Bari mu fara daga inda ka fi ni sani, littafin kwastan. A can an raba injin jet gida biyu, wanda ƙarfin tunkuɗarsa bai wuce kilo-niwton 25 ba lambarsa 8411.11, wanda ya wuce kuma 8411.12. Kilo-niwton 25 ɗin nan kamar tan biyu da rabi ne na turi, kaga ashe layin yana can ƙasa sosai, duk jet ɗin fasinja da ka taɓa hawa daga Jidda zuwa Kano yana gida na biyu. Manyan kuwa sun yi wa layin fintinkau. Boeing 777-300ER ɗin da Saudia take tashi da shi, injinsa GE90-115B, kowane ɗaya yana tunkuɗa fam 115,000, wajen tan 52 kenan, faɗin fankarsa mita uku da kwata, ni da kaina na sha tsayawa a cikin bakinsa na ɗaga hannu sama ban taɓo rufin ba. Ƙanensa GE9X da aka yi wa 777X ya kai fam 134,300 a wurin gwaji, shi ke riƙe da kambun duniya.

Masu ƙera irin wannan a duniyar nan kaf ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. GE, wato General Electric, a jihar Ohayo ta Amurka, Rolls-Royce a garin Dabi na Ingila, sai Pratt & Whitney ita ma a Amurka, wadda a manyan jirage masu layi biyu yanzu an kusa barinta a baya. A ƙananan jirage irin A320 da 737 kuma akwai CFM, haɗin gwiwar GE da Safran ta Faransa rabi da rabi tun 1974. Dila kuwa babu, kai tsaye kamfanin jirgi yake zama da mai inji su ƙulla, kuma sau da yawa ma auren dole ne: ka sayi 777-300ER, GE ne ko ka so ko ka ƙi, ka sayi A350, Rolls-Royce ne, A330neo shi ma haka. A 787 ne ake da zaɓi tsakanin biyu. Dubi Riyadh Air, a 2023 ta yi odar 787 guda 39 ta zaɓi injin GEnx na GE da bakinta, amma da ta zo ta yi odar A350-1000 guda 25 a 2025 ba wanda ya tambaye ta wane inji take so, Trent XWB-97 ne kawai ke hawa kan wannan fiffiken.

Kuma ko shi injin da ake cewa na Amurka ba Amurka kaɗai ta yi shi ba fa. A cikin GE90 akwai hannun Safran, akwai IHI ta Japan, akwai Avio ta Italiya, guntu ya tsallaka teku a haɗa shi da wani ya sake tsallakowa, shi ya sa tun 1979 manyan ƙasashen suka yi yarjejeniyar cire wa jiragen farar hula da injinansu da kayan gyaransu kuɗin fito a tsakaninsu. Saudiyya ma tana da ɗan yatsa a cikin miyar, a Yanbu akwai masana'antar ɗanyen taitaniyom da aka yi da haɗin gwiwar Toho ta Japan, shi kuwa ƙarfen nan da shi ake yin sassan gaba na inji.

Batun me ya hana ta ƙera nata, Alhaji da kuɗi ne kaɗai da tuni an wuce wurin. Rolls-Royce da kanta, da duk gogewarta, ƙera RB211 ya karya ta a 1971 sai da gwamnatin Ingila ta karɓe ta, kuma injin nan shi ne a jikin TriStar ɗin da Saudia ta yi ta jigila da shi tun tsakiyar shekarun 1970, dattawanmu na nan za su tuna shi, mai inji na uku a gindin wutsiya. Caina ta ƙera jirginta C919 amma har yau injin CFM ne a jikinsa, nata na gida tana ta fama. Sabon inji yana cin dala biliyoyi da shekaru masu yawa kafin ya ɗauki fasinja ko ɗaya, a harba masa gawar tsuntsaye, a ɗura masa ruwa da ƙanƙara, a fasa ganyen fanka ɗaya da gangan yana tsaka da gudu a ga ko gangar za ta riƙe tarkacen. Abin da Saudiyya ta kama shi ne gefen da ya fi kusa, gyara da haya: Saudia Technic tana da cibiyar gyaran inji a nan Jidda, asusun zuba jarin gwamnati na PIF kuma ya kafa kamfanin hayar jirage AviLease a 2022. A ganina dabara ce mai kyau, don kuɗin ma ai a nan gefen yake.

Ga yadda abin yake. Mai inji yakan karya farashi sosai ranar sayarwa, wani lokacin har ya faɗi, don ya san nan da shekara ashirin ko talatin wurinsa za ka yi ta dawowa. Kamar mutum ne ya ba ka saniya a araha, da sharaɗin dusarta da allurarta da likitanta duk a wurinsa za ka nema har ta tsufa. Yawancin manyan injina yau a kan yarjejeniyar awa suke, duk awar da inji ya yi a sama kamfanin jirgi ya biya wani abu, in ya lalace gyara na wuyan mai ƙerawa. Tun 1962 Ingilishi suka fito da wannan tsarin. Shi ya sa da korona ta ajiye jirage a 2020 Rolls-Royce ta sanar da rage ma'aikata 9,000, injinan suna nan lafiya ƙalau amma ba sa tashi, mita ta tsaya.

Ƙofar shiga kuma, in gaya maka gaskiya a wannan kasuwa takarda ta fi ƙarfe daraja. Kowane faifai da ke juyawa a cikin inji yana da adadin tashi da sauka da aka yanka masa, kuma dole a ga tarihinsa tun ranar da aka haife shi. Na taɓa aiki a wani wuri, ba sai na faɗi suna ba, aka kawo mana inji na haya da daddare a kan tirela mai balan-balan a ƙafa don kar ya jijjigu, an naɗe shi ruf kamar amarya, muka sauke muka duba ba abin da ya same shi, amma takardar faifai ɗaya ta yi ɓatan dabo a cikin kwali uku na takardu. Sati biyu da kwana huɗu injin nan yana zaune a kan keken ƙarfensa muna wucewa muna gaishe shi, jirgi kuma yana waje da fiffike ɗaya ba inji, sai da kwafi mai hatimi ya iso. A 2023 ma an kama wani kamfani a Landan, AOG Technics, yana sayar da sassan CFM56 da takardun jabu, sai da kamfanonin jirage a ƙasashe da yawa suka dinga kwance injina suna farautar guntayen. Saboda haka in har kana son ka leƙa harkar, ta gefen da ka iya za ka leƙa, wato ɗauko kaya da fitar da shi daga kwastan cikin gaggawa, amma sai da rajista da lasisi da sito mai tsari, ba irin na ɗaure ganamasgo da salatif ba.

TAMBAYA: Baba ina wuni. Ina karatu ne a Madina, wani abokina Balarabe yace wai injin jirgi ya fi saurin tsufa a ƙasashen nan fiye da Turai, ni dai nace masa ai a sama duk iska ɗaya ce, wa ya fi gaskiya?

AMSA: Ɗana abokinka ya ci gari. A can sama kam kusan ɗaya ne, amma inji ba a sama yake shan wuya ba, a tashi ne. Minti kaɗan ɗin nan da direba yake ba shi wuta jirgi cike da mutane da kaya da jarkokin zamzam, a Riyad ko Madina cikin watan Yuli da zafi ya haura 45, iska ta yi shaƙaf ba nauyi, dole inji ya ƙara zafi kafin ya ba da ƙarfin da ake nema. Ga kuma ƙura.

A bayan ɗakin da mai yake ci akwai wasu ƙananan ganyayen ƙarfe, kowanne bai fi tafin hannunka ba, iskar da ke dukansu ta fi zafin da ƙarfen kansa yake narkewa. Abin da ya hana su narkewa shi ne an zuba su a matsayin ƙwayar ƙarfe guda ɗaya ba gaɓa a ciki, an shafe su da wani fenti kamar tangaran, an kuma huda musu ƙananan ƙofofi kamar bakin allura da iska mai ɗan sanyi take fitowa ta lulluɓe su. To rairayi in ya shiga can narkewa yake kamar gilas, ya manne, ya toshe ƙofofin, ya ɓanɓare fentin. Mukan zura wata siririyar kyamara kamar macijiya ta wata 'yar kafa mu kalla a allo, sai ka ga gefen ganyen ya yi ruwan ƙasa-ƙasa kamar ƙanzon tukunya, wani ma ya fara zaizayewa, daga nan ka san an kusa sauke shi. Sirrin zuba ganyen nan shi ne rabin amsar da na ba Alhaji a sama, kuma shi ne abin da ba a sayar wa kowa.

Rairayin nan har ciniki yake rushewa. A baje kolin jirage na Dubai a Nuwamba 2023 shugaban Emirates, Tim Clark, ya fito fili ya ce ba zai sayi A350-1000 ba saboda injinsa ba ya daɗewa a kan fiffike a yanayin yankin nan kafin a kai shi gyara, ya ƙara odar 777X guda 90. Rolls-Royce ta kare injinta, amma daga baya ta ce za ta kashe fam biliyan 1 wajen ƙara wa injinanta na Trent juriya. Ka je ka ba abokinka haƙuri, ka saya masa shayi.

TAMBAYA: Salamu alaikum ɗan uwa. Ni Bahaushen Sudan ne, mutumin Mai Wurno, yaƙi ne ya kawo mu Riyad ni da iyali. Muna yara Sudan Airways abin alfahari ne har Landan take zuwa har Kano, kafin yaƙin ma muna kallo ta zama ba ta da jirgi sai ɗaya biyu, manya suna cewa takunkumin Amurka ne, ni kuma abin da ban gane ba ai Airbus na Turawan Yurof ne ba na Amurka ba, ina ruwan biri da gada?

AMSA: Wa alaikumus salam Yaya, Allah ya kawo ƙarshen wannan fitina, ya mayar da ku gida lafiya. Biri da gada a nan dangi ne na jini. Gangar jirgin ta Yurof ce, amma leƙa ƙarƙashin fiffike: yawancin A300 da A310 injin GE ko Pratt ne a jikinsu, A320 kuma ko CFM mai rabin GE ko wani mai hannun Pratt a ciki. Ga na'urorin ɗakin direba su ma da yawa na Amurka ne. Dokar Amurka kuwa bin kayanta take duk inda suka je, ga ƙasar da ta sa a jerin masu ɗaukar nauyin ta'addanci, in kayan Amurka a cikin abu sun wuce kashi 10 cikin 100 sai da izininta za a sayar, ko da a Tulus ta Faransa, garin Airbus, aka haɗa shi. Ba kuma kamfanin da zai yarda ya rasa kasuwar Amurka da bankunanta saboda cinikin jirgi uku.

Takunkumin ya hau Sudan a 1997, aka ɗage shi a Oktoba 2017, aka cire ta daga wancan jerin a Disamba 2020. Shekara ashirin kenan ba sabon inji daga masu shi, ba kayan gyara ta hanyar gaskiya, ba sabon littafin gyara, sai dai a bi ta hannun ɗan tsakiya a biya ninki, ko a kwance wannan jirgi a ciyar da wancan, yau jirgi biyar gobe huɗu. Da 737 ɗin Sudan Airways ya faɗi kusa da Bur Sudan a Yuli 2003 mutum sama da 110 suka rasu, hukumomin ƙasar a lokacin takunkumin suka ɗora wa laifi. Ni dai ba zan ce shi kaɗai ba ne, akwai rashin iya riƙo da bashi da canje-canjen masu hannun jari, don kamfani ba ya mutuwa da ciwo ɗaya, amma wanda ya ce takunkumin ba komai ba ne bai taɓa jiran safaya ba. Abin da ya rage kuma yaƙi ya ƙarasa, ranar 15 ga Afrilu 2023 har A330 na Saudia aka harba yana tsaye a filin jirgin Khartum.

Kuma ba Sudan kaɗai aka ja wa igiyar nan ba. Iran ta yi shekaru tana lallaɓa tsofaffin jirage. Rasha da take ƙera injin jiragen yaƙi da kanta, da aka rufe mata ƙofa a 2022 sabon jirginta MC-21 da aka shirya da injin Pratt sai da ya koma jiran na gida PD-14, shekaru suka yi ta tafiya. Ko Caina, a 2025 da rikicin haraji ya yi zafi Amurka ta dakatar da izinin tura mata injin C919 na 'yan makonni kafin ta sake. Kaga mai sayen inji ko ya biya kuɗinsa lakadan, wutsiyar igiyar tana can hannun wani ofishi a Washintan.

TAMBAYA: Malam ni dai tambayata gajeriya ce, bara bayan Hajji yayata ta kwana uku a Madinatul Hujjaj wai injin jirginsu ya samu matsala, yanzu fisabilillahi duk Jidda a rasa inji ɗaya da za a ɗaura musu? Daga wata Hajiya, Shara Mansur, Makka.

AMSA: Hajiya sannu da haƙuri, ita ma yayar taki a gaishe ta. Ana iya rasawa wallahi. Inji ba kamar batirin mota ba ne da za a ciro na wata a sa wa wata, sai irinsa sak, mai takardu cikakku, kuma wanda mai jirgin da mai inshora suka yarda da shi. Yawancin jiragen jigilar alhazai na haya ne na 'yan makonni, wani ma tsohon samfuri ne da ba a ajiye injinsa a nan, kuma ba mai ajiye abin dala miliyoyi a sito yana jiran tsautsayi sai babban kamfani. Sai an nemo shi wurin masu ba da hayar inji, galibi a Ayalan ko Amurka, a yi ciniki, a biya kafin alƙalami, a samo jirgin kaya da zai ɗauka, in irin GE90 ne ma ba ya shiga yawancin jiragen kaya sai an raba fankar da gangar ko a ɗauko ƙaton jirgin kaya na Antonov. Shekarun nan kuma layin ya yi tsawo, tun da Pratt ta gano gurɓataccen garin ƙarfe a injinanta na A320neo a 2023 aka ajiye ɗaruruwan jirage, wuraren gyara suka cika maƙil, hayar inji ta yi tsada. Tsohon 747 ne mai dabara, yana da wurin rataya inji na biyar a ƙarƙashin fiffiken hagu ya kai wa ɗan uwansa, Qantas ta yi haka a 2016 daga Sidni zuwa Johannasbag. In injin ya iso kuma mu ma sai mun ci kwana guda ko fiye muna saukewa da ɗaurawa da tayar da shi a gwada. Shi ya sa sau da yawa ya fi sauƙi a nemo wani jirgin dungurungum, a lokacin da kowane jirgi a Jidda yake da nasa layin alhazan. In za ta sake zuwa dai ta ajiye maganinta da kaya kala biyu a jakar hannu, kar ta auna su da manyan kaya.